Jan Fenti a Gonar Kawu

Shekarun baya, lokacin jihar Jigawa ba ta daɗe da samuwa ba, na sami aikina na farko a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin ƙasar Gumel. Malamin daji aka ɗauke ni. Aka ba ni kaki, da hula hana-sallah, da wani tsohon keke da sai an roƙe shi yake tsayawa. Ranar da na fara saka kayan nan sai da na zaga gari sau biyu ba tare da an aike ni ko'ina ba. A raina, duk wata bishiya daga Gagarawa har bakin iyaka ta shiga hannuna.

Ina da kawu guda ɗaya, yayan mahaifiyata. Su biyu kaɗai iyayensu suka bari. Yana zaune a ƙauyensu na asali, can arewa, tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, yana noma gonar da suka gada. Wanda bai san wannan yankin ba zai ɗauka rashin ruwa ne kawai matsalarmu. Akwai wadda ta fi shi cin rai. Ruwan farko zai sauka, ka yi shuka, gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai iska ta taso daga gabas ta kwaso rairayi ta bi ta kansa. Wanda ba ta yanke ba ta binne shi. Gonar Kawu fili ce fetal, in ban da wani tsohon gawo guda ɗaya a tsakiya, babu abin da zai tare iskar. A daminar da na fara aiki, sau uku yana shuka.

Bayan kaka ya zo gidanmu. Ina daga zaure ina jin su shi da mahaifiyata.

"Ni fa na gaji," in ji shi. "Mutum ya yi ta ciyar da rairayi da irinsa? Mutanenmu da suka koma kudancin Bauchi ga su can suna cika rumbu. Zan ƙara gwada damina ɗaya. In ta yi irin ta bana, na tattara."

"Haba Yaya, ka tafi ka bar ni da wa?"

"Da Allah, da kuma wannan mai hular."

Da ya tafi ta kira ni. Idonta ya yi ja, amma ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, "Kai da aka ce aikin itace kake yi, ba abin da za ka iya yi wa gonar nan? In Yaya ya tafi, ni da ganinsa sai dai a ce min an binne shi." Na buga ƙirji na ce ta bar komai a hannuna. Wata na bakwai ke nan da fara aiki.

A gaskiya ƙaramar hukumarmu ba ta zauna ba. Maganar gurgusowar hamada ta cika rediyo a shekarun nan, kuma majalisa ta ware mana fili muka yi gandun renon bishiyoyi. Darbejiya da dakwara muke shukawa a baƙar leda, mu yi ta ban ruwa, damina ta faɗi mu raba wa ƙauyuka kyauta. An yi bikin dashe, ciyaman ya naɗe hannun babbar riga ya dasa ta farko, aka tafa. Sai dai abin da aka dasa a daji ba mai ba shi ruwa. Rani ya yi, wanda ƙishi ya bari awaki su ƙarasa. Haka muke yi duk shekara, da zuciya ɗaya kuwa, amma in ka koma bayan wata shida sai ledar kawai za ka tarar.

Ni kuma a yawona na lura da wani abu. Gonakin da ake cewa babu bishiya, cike suke da tsofaffin kututture. Da rani za ka ga toho ya fito a jikinsu: kalgo, sabara, aduwa, magarya, har da 'ya'yan gawo. Ba mai ba su ruwa, amma kore shar. Lokacin sharar gona ya zo, manoma su bi su da gatari su sare tas, su ƙone. Na ce to ai ga maganin nan a ƙasa, jahilci ne kawai ya hana mutane gani. Abin da ya rage a hana su sarewa.

Shugaban sashenmu, wanda muke kira Oga, ya tafi Dutse wani kwas na mako biyu. Da yana nan da ya tsayar da ni. Na je sashen ayyuka na roƙi ragowar jan fenti, na ɗaura gwangwanin a bayan keke, na nufi ƙauyen su Kawu. Gonarsa na fara shiga, don ita ce a raina. Duk tohon da na gani na shafa masa ja, duk kututture na yi masa zobe, har tsohon gawon nan bai tsira ba. Na wuce gonakin maƙwabta na yi musu haka. Ban nemi mai unguwa ba, ban shiga na gaida Kawu ba, wai ina sauri. Mutane suna tsaye daga nesa suna kallona, ni kuwa na ɗauka sha'awar aikin gwamnati suke yi. Na dawo gida hannu jajawur, na ce wa mahaifiyata an gama.

Kwana takwas na koma don in ga yadda abin ya karɓu. Wallahi sai da na sauka daga keke na riƙe ƙugu. Duk abin da fentina ya taɓa an sare shi. Ba sara irin ta kullum ba, wadda ake barin kututture ya sake toho. An sa magirbi an tono wasu har saiwa, an tara an cinna wuta. A gonar Kawu, inda na fi zuba fenti, nan aka fi tonewa. Gawon ne kaɗai aka bari, shi ma an kankare ɓawon wurin da na shafa.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Kawu ya aiko wa mahaifiyata cewa ba zai jira damina ba. Ya fara kwance jinkar rumbunsa, ya yi magana da mai mota a kasuwar Maigatari. Ta dube ni ta ce, "Na ce ka tsayar min da shi, ka je ka kore shi." Kwana uku ana ajiye min tuwo ba a ce min ga shi ba.

Haushi ya cika ni. Na zauna na rubuta rahoto shafi uku, na jera sunayen masu gonakin, na nemi a ci su tara. Sunan Kawu ne na farko, don a san ba na son kai. Oga na dawowa na ajiye masa a tebur.

Oga mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a ƙasar Gumel har 'ya'yansa ba su san wani gari ba. Mutum ne mai sanyin magana. Ya karanta rahoton tun daga farko har ƙarshe, ya cire tabarau, ya dube ni.

"Yarona, rubutunka da kyau. Ka tambaye su?"

"Me zan tambaye su, Oga? Ai na gani da idona."

"Ka ga abin da suka yi. Ka ji dalilin da ya sa suka yi?"

Ya buɗe durowa ya jefa rahoton a ciki.

"Mutum ba ya shan wahalar tono saiwa a wannan ranar don nishaɗi. Gobe ka koma. Kada ka sa kakin nan, kada ka sa hular. Ka je a matsayin ɗan ƙanwarsa, ka zauna a ƙasa, ka rufe bakinka."

Na je. Na tarar da Kawu a ƙofar gida yana tufkar igiya, ga jinkar rumbu a ajiye a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar bai san ni ba. Sai da aka kawo fura na sha, sannan ya ce, "Yau ina hular?"

"Na bar ta a gida, Kawu."

"To yanzu na ga ɗan ƙanwata. Ran nan wani na gani a gonata."

Na ce ya yi haƙuri, ni niyyata in kare masa gona. Ya ajiye igiyar.

"Kai yaro ne. Lokacin da aka zo faɗaɗa hanyar mota, me aka shafa wa gidajen da aka rushe? Ja. Lokacin da aka yanke gandun daji aka haɗa da gonakin mutane, me aka shafa wa itatuwan kan iyaka? Ja. A ƙasar nan in gwamnati ta shafa wa abu ja, ta ce nata ne. Sai ga ɗan ƙanwata da kaki ya bi gonar ubana lungu-lungu yana shafawa. Me kake so in ɗauka?"

Na ce to na ji wannan, amma tun kafin fenti ai suna sare tohon duk shekara. Me ya sa?

Ya nuna min gawon da ke tsakiyar gona. "Ka ga wancan? Ubana ya bar shi. Shekarar da aka yi fari na hau na saro wa tumakina reshe biyu. Wanda ya riga ka riƙe kujerar nan ya kai ni gaban alƙali, aka ci ni tara a kan itacen gonata. Tun ranar ban ƙara sarar masa reshe ba. Itace yana ƙarami naka ne, ba mai tambayarka. Ya wuce tsawon mutum, ya zama na malamin daji. To wane mahaukaci ne zai reni abin da zai kai shi kotu? Muna sane da amfaninsa sarai. Danginmu na Faransa," haka suke kiran ƙetaren iyaka, wajen Damagaram, "wasunsu sun fara bari. Kowane kututture su zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, su share sauran. Sassaben zamani suke ce masa. Na gani da idona, gero na tsayawa a bayansa. Amma mu nan wa zai fara? Kuna ta cewa hamada, hamada. Rabin itacen ƙasar nan ba rairayi ne ya cinye shi ba, hular nan taka ce."

Ban taɓa jin maganar da ta dake ni kamar wannan ba. A hanyar dawowa ban hau keken ba, tura shi na yi ta yi.

Na kwashe komai na faɗa wa Oga. Na zaci zai ce in je in ba su haƙuri a wuce wurin. Sai ya ce, "Wannan ta fi ƙarfina, ta fi ƙarfinka. Maganar majalisa ce." Ya yi sati yana bin kansiloli ɗaya bayan ɗaya. Ya samu aka sa maganar a zaman da ke tafe, ya kuma roƙi a bar manomi ɗaya ya shigo ya yi bayani da bakinsa. Shi da kansa ya hau babur ya je ya ɗauko Kawu, wanda ya ce zai zo ne kawai don kunyar baƙon da ya taka har ƙofar gidansa.

Kawu ya cire takalmi a bakin zauren majalisa, aka ce ya mayar, ya ƙi. Ya tsaya ya maimaita abin da ya faɗa min, bai rage komai ba, har da maganar hula. Wani jami'i ya miƙe ya ce in aka sakar wa mutane itace, cikin shekara ɗaya za su mayar da shi gawayi. Aka fara hayaniya. Sai wani dattijon kansila ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, mu daina ɓoye-ɓoye. Ni nan da kuke gani, duk shekara sai na sa an sare tohon gonata, kuma saboda wannan dalilin ne. Duk wanda yake da gona a ɗakin nan bai yi haka ba, ya tashi tsaye."

Ba wanda ya tashi. Ciyaman ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce shi ma a bar shi a zaune.

A ranar majalisa ta yanke shawara: duk bishiyar da ta tsiro a gonar mutum tasa ce. Ya sare reshe, ya ci 'ya'ya, ya ciyar da dabbarsa, ba takarda, ba tara. In zai kayar da babba gaba ɗaya ne kawai zai sanar da mai unguwa. Mu malaman daji kuma aikinmu a gonaki ya koma nuna yadda ake zaɓen toho, ba kamu ba. Aka aika wa hakimi da dagatai, aka yi shela a kasuwanni, limamai suka faɗa bayan sallar Juma'a.

Na ɗauka an gama. Ina! Mutane suka ji, suka ce to, ba wanda ya yarda. Ana cewa tarko ne, a bari itacen ya girma sannan a dawo da hula. Kawu bai mayar da jinkar rumbu ba. Sharar gona kuma saura 'yan kwanaki.

Oga ya sake zuwa wurinsa ya ce, "Baba, me za mu yi mutane su yarda?" Kawu ya yi tunani, ya dube ni, na ga bakinsa yana motsi irin na mai shirin mugunta.

"Wannan yaron ya zo ranar Juma'a bayan an sauko. Da kakinsa, da hularsa. Ya roƙe ni reshen gawo a gaban jama'a."

Haka aka yi. Gari ya taru a gonar, har da mata daga bayan darni. Na zo cikin cikakken kaki, na durƙusa a gaban Kawu, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kawu, ina neman izini in sari reshe ɗaya a gawonka."

Ya yi kamar bai ji ba. "A gawon wa?"

"A gawonka, Kawu."

"Ba na gwamnati ba?"

"Naka ne."

"To na ba ka ɗaya. Ka kai wa ragona."

Ni da nake malamin daji, ban taɓa hawa gawo ba. Ban san haka ƙayarsa take ba. Na hau da ƙyar, na sari reshen da ƙyar, wajen saukowa kuma wata ƙaya ta kama wandon gwamnati ta baya ta farke shi tun daga ƙugu. Abin da aka yi na dariya a wurin nan har yau ina jin sa a kunnena. Oga da kansa sai da ya zauna a ƙasa. Na cire hular na kare bayana da ita, na ja reshen da ɗaya hannun har gaban ragon.

Ina ganin dariyar nan ce ta yi aikin da shela ba ta yi ba. Mutane suka ga malamin daji ya roƙa, an ba shi, ya kuma sha kunya bai kama kowa ba. A sharar gonar shekarar, kusan rabin garin suka bar toho. Kawu ne ya riƙa zagawa da wuƙarsa yana nuna musu wanda za a bari da wanda za a cire, ni ina biye da shi ina koyon aikin da ake biyana albashi a kansa.

Kada in yi muku ƙarya, abin bai zo da sauri ba. Kututturen da aka tone saboda fentina sun tafi ke nan, kuma a gonar Kawu suka fi yawa. Daminar farko sau biyu ya yi shuka. Ya ce wa mahaifiyata, "Biyu ta fi uku. Zan ƙara ɗaya." Ta biyu ma haka ya ce. A ta uku kalgo da sabara sun kai kafaɗa, ganye ya fara taruwa a gindinsu, iska in ta zo sai ta rage ƙarfi. Ya yi shuka sau ɗaya ta tsaya. Ban ji ranar da ya ce ya fasa tafiya ba, don bai taɓa faɗa ba. Wata rana dai na je na ga ya yi wa rumbun sabuwar jinka, yana kuma haƙa ramin ginin wani rumbun a gefensa.

Na dawo na faɗa wa mahaifiyata. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sabuwa?" Na ce sabuwa fil. Sai ta ajiye rariyar, ta rufe fuska da gefen mayafi. Kukan da ta hana kanta shekara uku, ranar ta yi shi.

In na tuna wannan abu, godiya ce take cika min zuciya, da 'yar kunya a ƙasanta. Ina gode wa dattijon kansilan nan da ya tona asirin kansa, da majalisar da ta yarda ta saki abin da ta daɗe tana riƙe da shi. Mun yi shekaru muna kai wa mutane bishiya a leda, ashe abin da suke buƙata a ce musu wadda ke gonarsu tasu ce. Fiye da kowa ina gode wa Oga. Da ya sa hannu a rahoton nan, da ni da kaina na kai kawuna kotu, da mahaifiyata ta ƙare rayuwarta ba ɗan'uwa a kusa. Ya yi ritaya ya koma garinsu, kuma har ya tafi ban iya yi masa godiyar da ta kamata ba. Abin da na iya kawai shi ne, duk yaron da ya yi aiki a ƙarƙashina ya kawo min rahoto a kan mutane, sai na tambaye shi ko ya tambaye su.

Kawu ya ƙara shekara goma sha a gonar nan. Duk bayan kaka mahaifiyata takan je ta yi sati biyu a wurinsa, su zauna a gindin gawon suna faɗan da suka saba tun suna yara. Da ajalinsa ya zo, ba aike aka yi mata daga wata ƙasa ba. Tana zaune a gefensa, ita ta ba shi ruwa na ƙarshe.

Bara na je ƙauyen, ɗansa ne yake noma gonar yanzu. Daga bakin hanya ba ka hango ƙarshenta saboda itatuwa. Na tsaya a gindin tsohon gawon, tabon da Kawu ya kankare fentina yana nan, ya yi baƙi. Ina da rago a gida, na ga 'ya'yan gawo sun zuba a ƙasa, na sunkuya zan tsinta. Sai na tsaya, na juya na kira ƙanen nawa ɗan Kawu, na ce ya ba ni izini.